Huji a Akwatin Kifi

A bazarar shekarar da muka karɓi mulkin kai, maigidana ya shigo gida da wani akwati na gilashi. Shi da wani ɗan dako suna riƙe da shi gefe da gefe, suna takawa a hankali kamar masu ɗauke da mara lafiya. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ga tsohon ciki ya sa ni gaba, ga zafi. Na ɗaga kai na ce, "Malam, wannan kuma mene ne?"

Ya ce, "Gidan kifi ne."

Na ce, "Kifi kuma har da gida?"

Maigidana makanike ne a garajin gwamnati, kusa da Zongo inda muke zaune. Anasaran da ke shugabantar garajin yana haɗa kayansa zai koma ƙasarsu, kamar yadda da yawansu suke yi a lokacin, sai ya raba tarkacen gidansa ga ma'aikata. Wani ya samu gadon ƙarfe, wani teburi, wani tukwane masu murfi. Nawa mutumin, da aka ce ya zaɓa, sai ya nuna akwatin kifi. Gefunansa huɗu gilashi ne mai kauri, an ɗaure kusurwoyin da ƙarfe, girmansa kuwa ɗan akuya zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. Kifayen sun biyo baya a cikin garwa, jajaye 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba.

Wanda bai zauna Damagaram a wancan zamani ba, ba zai gane dalilin faɗana ba. Ruwa a garinmu abin tattali ne. Ƙasari na awaki ne, ruwan wanki a yayyafa wa tsakar gida, ruwan alwala a tara shi a gindin lemo. Mace takan san rijiyar da ta fara ƙafewa kafin ta san labarin da ke gari. A irin wannan gari ne mijina ya kawo mini baƙin da ba sa aikin komai sai shan ruwa da zama a cikinsa. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce matan mutane an kai musu gado, ni an kawo mini kifin da ba a ci. Shi kuwa mutum ne da ba a jin daɗin faɗa da shi, don ba ya mayarwa. Ya bar ni na gama, ya wanke akwatinsa, ya cika shi, ya juye kifayen. Da hasken yamma ya bi ta cikin ruwan, na ga kyansu, amma ban faɗa ba.

Yana son abin nan ƙwarai. Kafin ya fita aiki sai ya tsuguna a gabansa, in ya dawo kuma can zai fara zuwa. Maƙwabta suka riƙa turo 'ya'yansu kallo, har da manyan ma, suna fakewa da cewa sun zo gaishe ni da jiki.

A lokacin nan hankalina ba a kan kifi yake ba, yana Birni, tsohuwar unguwar garin, wajen Baba.

Mahaifina mahujin tsakiya ne, wato irin duwatsun nan masu tsada da mata ke sawa a wuya, ake gadon su daga uwa zuwa 'ya. Ya gaji sana'ar daga babansa, wanda ya zo da ita daga Barno. In tsakiya ta guntule, ko hujinta ya toshe, ko wani fatake ya kawo dutsen da ba a taɓa ba, wajen Baba ake kaiwa. Na tashi da ƙarar bakansa a kunnena. Ɗan baka ne kamar na maharba amma gajere, ana naɗa tsirkiyarsa a jikin mahuji, a ja gaba a ja baya, mahujin yana juyawa. Tun kafin a yi mini aure kantuna suka cika da duwatsun kwalba masu araha, aiki ya ragu, amma bai damu ba. Yakan ce mai tsakiyar gaske ta san hanyar zaurensa.

Abin da ya karya shi ya faru ne kafin bazarar nan. Wata dattijuwa ta kawo tsakiyar kakarta a faɗaɗa mata huji, sai dutsen ya rabe biyu a hannunsa. Matar ba ta yi masa faɗa ba, har cewa ta yi Allah ne ya ƙaddara. Da ma ta zage shi, ina jin da ya fi masa sauƙi. Tunda yake bai taɓa fasa kayan mutane ba. Ya naɗe kayan aikinsa a fata ya soke a azara, ya koma lungun zaure ya zauna. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, Gwaggo ƙanwarsa ce ke masa girki, ita ce kuma ta riƙa aiko mini cewa tuwo yana dawowa yadda aka kai shi. In na je, sai in tarar rigarsa ta ƙara yi masa yawa. Ba ya ciwo, ba ya ƙorafi. In na tambaye shi, sai ya ce, "Lafiya lau, Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ina kallon ubana yana ƙarewa a zaune, na rasa ta inda zan kama.

Tsakanin Baba da maigidana babu ƙiyayya, amma akwai surukuta, kuma ta gaske, irin ta mutanen da. Tun da aka ɗaura mana aure ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba. In Malam ya zo gaisuwa, tun daga ƙofa zai tuɓe takalmi, ya tsuguna can nesa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, kun wuni lafiya?" Baba ya amsa yana kallon bango. In suka hango juna a kasuwa, kowa zai ga wani lungun da ya daɗe yana son bi. Duk wata magana da ke tsakaninsu, ni ce jakar kai ta.

Wata safiya zan tafi Birni, sai Malam ya ce, "In kin je, ki tambayar mini Baba ko madubi irin na akwatin nan yana huduwa. Ina son huji a gefe, can ƙasa, in sa masa ɗan robine, wato kan famfo, in riƙa zuƙe ruwan da ya yi datti ina zuba wa lemonki. Ki ce masa mun gwada da kwalba a garaji, ta tarwatse. Mutanen garaji sun ce ba ya huduwa."

Na kai saƙo yadda aka ba ni. Baba yana jingine da bango, idonsa a rufe. Har na ɗauka barci ya yi. Can sai ya ce, "Da me suka gwada?"

Na ce, "Da mahujin ƙarfe, na inji."

Ya yi tsaki. Wallahi na daɗe ban ji abin da ya yi mini daɗi kamar tsakin nan ba. Ya ce, "Ƙarfe! Ai ba ƙarfe ke ci ba, yashi ke ci. Ƙarfe rakiya kawai yake yi. Su dai komai da ƙarfi." Daga nan ya sake rufe ido, ya ce in gaida mutumin nawa. Amma Gwaggo ta ce mini ranar ya sha fura.

Da na koma gida da la'asar, na tarar da Malam a gaban akwatinsa. Ya sa bakin tiyo ɗaya a cikin ruwan, ya tsotsi ɗaya bakin kamar yadda suke zuƙo man mota daga tanki, sai ga ruwa yana zuba cikin tulu salin-alin. Kafin in ajiye mayafina har tulun ya kusa cika. Na tsaya na riƙe ƙugu.

Na ce, "Malam, to hujin na mene ne?"

Ya ce, "Tiyo yana tsorata kifi."

Na dubi kifayen. Ɗaya ma yana sumbatar bakin tiyon. Na ce, "Ka dubi tsohon cikina ka sa na taka har Birni da maganar banza?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Yaushe rabon da Baba ya yi tambaya a kan wani abu?"

Sai na zauna a kan turmi. Na gane abin da yake yi, na kuma ji tsoro. Na ce, "In ya fashe a hannunsa fa?"

Ya ce, "Madubi ne."

Na ce, "Ba madubin nake ji ba."

Ya ce, "Na sani. Amma in aka bar shi yadda yake, ba zai kai kaka ba. Kin fi ni sani." Ya naɗe tiyonsa ya kai ɗaki ya ɓoye a ƙarƙashin gado.

Mutumin nan bai yi karatu mai nisa ba, bai kuma iya magana mai daɗi ba. A duk zamanmu ban tuna ranar da ya yabi miyata da baki ba, sai dai ya miƙo kwano a ƙara. Amma ya dubi surukin da bai taɓa haɗa ido da shi ba, ya gane ciwonsa fiye da ni da ya haifa, ya kuma ɗauki abin da ya fi so a cikin gidan nan ya ajiye a kai. Ranar na ji kunyar faɗan da na yi, kaɗan dai.

Bayan kwana biyu Baba ya aiko Gwaggo, wai a tara masa kwalabe da fasassun ƙwan fitila, a kuma roƙar masa kwanson harsashi wajen wani tsohon soja maƙwabcinmu. Bai ce zai yi ba. Cewa ya yi yana so ya ga wani abu. Da na je, na tarar fatar kayan aikin ta sauko daga azara. Ya goge bakin kwanson da magagari har ya yi daidai, ya ɗan tsaga shi a gefe don yashi ya samu hanyar shiga, ya cusa shi a kan wani ɗan ice miƙaƙƙe ya liƙe da ƙaro. Yashin kuma ba kowane ba. Ya sa aka ɗebo masa daga gindin manyan duwatsun nan na bayan Birni, ya wanke, ya tace da tsumma, ya sake tacewa, yana murza shi tsakanin yatsu yana zubar da wanda bai yi masa ba. Duk kayan aikin ke nan: baka, kwanson harsashi, yashi, laka, da ɗan dutsen da yake dafawa a saman mahujin, wanda tafin hannunsa da na babansa suka sa ya yi santsi.

Kwalaben farko sun fashe. Duk wadda ta ce tas, sai in ji abin a ƙirjina, in saci kallon fuskarsa. Shi kuwa sai ya ɗauki gutsuren ya shafa bakinsa da yatsa, ya ce, "Na danne ta da yawa." Ko ya ce, "Ruwan ya yi sanyi, kada ki ƙara ɗebo mini na randa. Ki ajiye a inuwa ya huce." Da ya huda wata koriyar kwalba fes, bai nuna wa kowa ba. Gwaggo ce ta tsinto ta a bayan tabarma. Washegari ya ce, "Uwata, ki ce wa mutumin naki ya kawo abin nasa."

Kifaye suka koma kwatarniyata ta wanki, abin da ya jawo wani faɗan. Aka kai akwatin Birni, aka kwantar da shi a inuwar tsakar gida, gefen da za a huda yana sama, aka tokare shi daga ciki da katako da tsumma. Malam ya nuna mini wurin da yake so, ni kuma na kama yatsan Baba na ɗora a kai, ban kawo komai a raina ba. Baba ya liƙa wani ɗan katako mai rami a wurin don kada kwanson ya zame, ya kewaye shi da laka ya yi masa 'yar madatsa, ya zuba ruwa da yashi a ciki. Ya yi bisimilla ya ja baka.

Aikina shi ne ɗiga ruwa da ƙara yashi in ya ce. Tun hantsi muke farawa, mu tsaya in rana ta take, don ya ce gilashi ba ya son zafi ya same shi yana aiki. Wanda ke son ya ga abin mamaki ba zai samu komai a wajenmu ba. Ƙara ce kawai, shar, shar, shar, da ruwan da ke komawa fari kamar an dama alli. Wuni guda za a yi, a share laka, a ga ɗan zobe a jikin gilashi wanda da ƙyar farce ke kama shi. Ni mai gajen haƙuri har nakan ce, "Baba, ko a ɗan danna?" Sai ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa, Uwata. Ke dai ɗiga."

Amma hannun nan! Tsoho ne da ke rawar jiki in zai kai kofi baki, yana kama baka kuwa sai rawar ta ɗauke. Kafaɗarsa ba ta motsi, gwiwar hannu ce kawai ke tafiya tana dawowa, ba sauri ba jinkiri. Yakan karkata kai yana saurare. In ƙarar ta yi laushi ya san yashi ya mutu, ya ce a ƙara. In ta yi kaifi ya san ruwa ya ragu. Tun ina yarinya nake ganin wannan, amma sai a lokacin, da na girma na san wuyar abubuwa, na gane irin mutumin da ya haife ni. Yana aiki yana 'yan waƙe-waƙensa da Barbarci ƙasa-ƙasa. Da azahar kuwa Gwaggo ta kawo tuwo, ya cinye har yana cewa miyar ba gishiri.

Malam fa? Ba zai shigo ya zauna ba, surukuta ta hana. In ya tashi daga aiki, ko ranar Lahadi da ba a zuwa, sai ya zo ya zauna a waje a gindin katangar gidan. A kwanakin nan gari ya cika da zance. Ana taruwa a ƙofar masu rediyo, ana gardamar wa zai zama me in Anasara sun tafi, abokan aikinsa suna ta kai-kawo kowa yana neman kujerar da za a bari. Shi kuwa yana gindin katangar surukinsa yana sauraren yashi. In na leƙo zan zubar da ruwa a gindin bishiya, sai ya ɗago gira. In ce, "Yana ci." Ya ce, "Baba nake tambaya." In ce, "Shi ma yana ci."

Da zoben ya yi zurfi kamar rabin kaurin gilashin, Baba ya sa tsinke ya auna, ya ajiye baka. Ya ce a wajen mahuda tsakiya ba a ƙarasa huji ta fuskar da aka fara. In ka bi ta nan har ka fita, bayan zai ɓalle, ya tafi da gutsure, wani lokaci ya ja tsaga. Sai dai a juya a taro shi ta ɗaya fuskar, huji biyu su gamu a tsaka. Haka babansa ya koya masa, haka zai yi. Na aika aka kira maƙwabta suka juya akwatin, gefen da ake huda ya koma ƙasa a kan katako mai shimfiɗar tsumma, bakin akwatin yana kallon gefe. Yanzu sai an shigar da kai da hannu ciki a yi aiki. Baba ya riga ya shirya wani bakan, ɗan guntu, wanda zai samu wurin motsi. Kafin a juya ya sa na shafa baƙin tukunya a cikin zoben, don a hango shi ta cikin gilashi.

Ranar Lahadi ce da hantsi. Baba ya kwanta rub da ciki a kan tabarma, tsoho da shi, ya sa kai cikin akwatin. Ina tsaye ina ganin zoben daga inda nake, baƙi wuluk, ko yaro zai nuna shi. Baba ya shafa gilashin da yatsa. Ta ciki kuwa santsi ne, ba abin da yatsa zai kama, don zoben yana ɗaya fuskar. Ya matsa da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓawa. Ya ɗora kwanson, ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Inda ya ɗora, tsakaninsa da zoben ya kai faɗin yatsa biyu.

Sai a lokacin abubuwa suka haɗu a kaina. Na tuna yadda yake karɓar goro yana laluben hannuna, da yadda ya daina cewa komai a kan zanen da na ɗaura, shi da ba ya barin sabon zane ya wuce bai yi tsiya ba. Na tuna tsakiyar dattijuwar nan. Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani, ya ɓoye mana, mu kuma muka bar shi ya ɓoye.

Ya fito da kansa a hankali, ya zauna. Ya daɗe yana juya bakan a hannu. Na ga yana shirin naɗe tsirkiyar a jikinsa, yadda ya yi wancan karon kafin ya soke kayan a azara. Na ce, "Baba, bari in nuna muku." Na yi ƙoƙarin durƙusawa, amma mai ciki wata tara ba ta kwanciya rub da ciki, balle ta shiga akwati. Gwaggo kuwa gwiwoyinta sun daɗe da yin ritaya. Kuma ba nuni kaɗai ake so ba, sai an danne katakon jagora daidai kan zoben, a riƙe shi gam ba motsi, har kwanson ya kama.

Baba ya ce, "Yana waje?"

Na ce, "Yana nan."

Ya ce, "Kira shi. Mai abu shi zai ga abinsa."

Malam ya shigo ba takalmi, ya tsuguna can bakin ƙofa kamar kullum, ya fara, "Baba, kun tashi lafi..."

Baba ya katse shi. Ya juyo da fuskarsa sosai wajensa, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Matso, ɗana. Ba na gani. Na daɗe ba na gani. Hannun yana nan, idon ne ya tafi. Zo ka ara mini naka."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe baki. Malam ya rarrafo, don ya kasa miƙewa tsaye a gabansa. Sai ga su nan su biyu rub da ciki a tabarma ɗaya, kawunansu a cikin akwatin kifi, hular wannan tana gogar hular wancan, ƙafafu huɗu a waje. Mutanen da suka shekara da shekaru suna canja lungu don kada su haɗu. Ina son in yi dariya, ina son in yi kuka, sai na ciji leɓe na riƙe kofin ruwana.

Ta cikin gilashi nake ganin komai. Malam ya daidaita katakon a kan zoben, ya duba ta nan ya duba ta can, irin duban da yake wa injin mota. Sannan ya kama hannun Baba, ya kai kwanson cikin ramin. Ya ce, "Nan ne, Baba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To danne. Ko ƙuda ya sauka a hancinka kada ka motsa."

Na miƙa hannu ta samansu na ɗiga ruwa, baka ya fara tafiya. A cikin akwatin ƙarar ta fi ƙarfi. Gumi yana zuba daga goshin Malam yana ɗiga a gilashin, bai share ba. Da kwanson ya kama, Baba ya ce zai iya saki, amma bai ce ya fita ba, shi ma bai fita ba. Ya zama shi ke faɗa masa launin ruwan da yadda zoben ciki ke bin na waje. Ranar ba a gama ba. An ƙara wasu kwanaki, Malam yana zuwa da sassafe kafin aiki, yana wucewa kai tsaye har tabarma. Na ji Baba yana masa faɗa a kan yawan yashi, na ji shi yana cewa, "To, Baba." Har na ji sun yi dariya sau ɗaya a cikin akwatin, ban san a kan me ba, kuma har yau ba wanda ya faɗa mini.

Da aka zo gab da gamuwa, Baba ya ce kowa ya yi shiru. Ya ɗauke dutsen da yake dafawa, ya bar nauyin yatsu biyu kawai a kan mahujin. Bakan yana tafiya kamar ba ya so. Ƙarar ta sirance, ta sirance, har sai da na riƙe numfashi kafin in ji ta. Sai wani ɗan ƙas, ƙarami ƙwarai, ruwan madatsar ya zurare ƙasa ya jiƙa tsumma.

Baba ya zare kwanson, ya sa ɗan yatsansa a hujin, ya zagaya bakinsa ta ciki, ya sa aka ɗaga ya zagaya ta waje. Ya bi gilashin da tafin hannu daga kusurwa zuwa kusurwa yana neman tsaga. Sannan ya ce, "Kai mai ido, me ka gani?"

Malam ya ce, "Fes, Baba. Kamar da shi aka yi shi."

Baba ya fito ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu. Ban ga ya yi murmushi ba. Ya nemi ruwa ya sha, ya miƙa wa Malam sauran kofin, shi kuma ya juya kai gefe ya shanye. Gwaggo ta yi guɗa 'yar ƙarama, Baba ya ce ta bari, ba biki ake ba. Na zuba ido in ga abin da zai yi da bakan, don a nan maganar take. Yana kan cinyarsa. Bai naɗe tsirkiyar ba, sai ɗan taɓa ta yake yi da yatsa yana jin ƙarfinta.

Can ya ce, "Ɗana, ina da tambaya. Ruwa zai fita ta nan ƙasa. To sabon ta ina zai shiga? Ko ta sama za ka riƙa kwarara musu a ka?"

Akwatin nan a buɗe yake ta sama, ko garwa guda ka juye zai karɓa. Na san haka, Malam ya san haka. Ya samu akwatinsa lafiya da ƙyar, kuma kowane sabon huji wata sabuwar kasada ce. Na dube shi. Ko ƙifta ido bai yi ba.

Ya ce, "Wallahi Baba, nauyin faɗa nake ji tun farko. Biyu nake so."

Baba ya ce, "Ai na san ɗaya ba zai isa ba. Gobe ka biya ta wajen duwatsu ka ɗebo yashi, wannan ya mutu. Ka zo da wuri, kada rana ta yi."

Na ajiye kofin na zagaya bayan ɗaki, na dafa bango na yi kukana har na ƙoshi. Daga can ina jiyo su suna gardamar inda hujin na biyu zai zauna.